Tabon Dutsen Guga

A bakin ƙofar gidan wanki da guga aka jefo mata jakarta, kamar wadda ta yi sata! Shiru-shiru, haka abokan aiki ke kiranta, ta durƙusa tana tattara kayanta hawaye na zuba. Wan marigayi mijinta, wanda shi ne manajan wurin, ya tsaya a kanta yana huci. Wai ita ta ƙona rigar amarya, don haka ta kama gabanta.

Wayyo duniya! Tun rasuwar ƙaninsa yake neman raba ta da 'yarta tilo, yana cewa ba za ta iya riƙe marainiya ba. Ga shi ya samu hanya. Da yamma ya aiko cewa tunda ba ta da aiki, ta haɗa wa yarinyar kayanta. Ta zaga gidajen guga neman aiki, ko'ina labari ya riga ta isa...

Gwaggo mai wanki, tsohuwar da ta daɗe a ƙungiyar ma'aikata, ita ta ja ta suka kai ƙara gaban kwamitin sasantawa. A hanya ta riƙe mata hannu.

"Ki ji ni, 'yar nan. Kukan nan ki ajiye shi a waje, in mun fito ma yi tare. Kada ki katse shi ko zagin uwarki ya yi. Abin da aka tambaye ki shi za ki amsa, wanda ba ki gani ba ki ce ba ki gani ba. Ki buɗe kunne, mai ƙarya ba ya son shiru."

"Gwaggo, in suka ɗauke min yarinyata fa?"

"Ki tsaya da ƙafarki tukuna!"

Ɗakin ƙarami ne, dogon tebur da fanka mai ƙara. Shugabar zama ta ba manaja dama, shi kuwa gogan ya gyara zama ya buɗe baki. Malalaciya ce, sakarya ce, don zumunci kawai ya riƙe ta! Ƙirjin Shiru-shiru ya yi zafi, magana ta taso mata har maƙogwaro, sai ta ji Gwaggo ta taka mata ƙafa. Ta haɗiye, tana ambaton Allah a zuci.

Da ya ga ba wanda ya tanka, sai ya ƙara wuta. "Ranki ya daɗe, saboda gangancinta ko sabon dutsena mai tururi ban taɓa barin ta ta taɓa ba. A kabad yake, makulli a aljihuna, ni kaɗai nake guga da shi!"

Shugabar ta juyo. "Baiwar Allah, kin ga wanda ya ƙona rigar?"

"Ban gani ba, ranki ya daɗe," ta ce. "Roƙona ɗaya ne, a buɗe rigar a duba."

Aka shimfiɗa rigar a kan tebur. Ga tabon nan baƙi a ƙirjinta, da ɗigo-ɗigon ramukan tururi a jere, raɗau! Duwatsun ma'aikata kuwa tsofaffi ne, gindinsu sumul. Mai gidan wankin, da ke zaune a gefe, ya juya ya dubi manajansa. Gumi ya karyo wa manajan, ya shiga lalubar aljihu, makullan suka yi ƙara, ya yi sauri ya cire hannu.

Nan take aka yanke cewa korar zalunci ce, a mayar da ita bakin aikinta. Manaja kuwa tun a ɗakin mai gidan ya karɓe makullansa, ya fita kai a sunkuye, bai sake tayar da zancen marainiya ba.

Suna fitowa Shiru-shiru ta jingina da bango. "Gwaggo... yanzu in yi?"

"Yi abinki, 'yar nan."

Ta fashe da kuka, Gwaggo na taya ta. Sannan ta share fuska ta nufi gida, ta zazzage kayan 'yarta daga jakar da ta riga ta haɗa ta mayar da su cikin akwati.