Tekun Baba Ƙarami

"Yamai za mu ce mata. Yamai kawai, daga nan ki yi shiru."

Shamsiya ta saki 'yar rigar da take ninkewa, ta ɗago ta dubi mijinta.

"Inna za mu yi ma ƙarya?"

"Wa ya ce ƙarya? Ba ta Yamai, babban birni, za mu bi mu hau jirgin sama ba?"

"Abban Ƙarami... ni kake yi wa wannan wayon ko kanka?"

Muktari ya kau da kai, ya shiga jan zif ɗin akwatin da ba a gama cikawa ba.

Tun suna saurayi da budurwa ya yi mata alƙawarin nan. Ita malamar labarin ƙasa ce a wata sakandare a Tawa. Shekara da shekaru tana zana igiyar ruwa da alli, tana gaya wa yara teku ya fi ƙasa faɗi, alhali babban ruwan da ta taɓa gani tabki ne. Shi kuma mai ɗora faranten sola ne a kan rufin mutane. Ranar da ya fara rako ta gida ya ce, "Wallahi sai na kai ki kin ga abin da kike koyarwa." Ta yi dariya ta manta. Shi bai manta ba.

Bana, da babban hutu ya matso, abokinsa Aghali, wanda ke dafa abinci a wani masauki a kan tsibiri kusa da Abijan, ya samo musu ɗaki a bakin ruwa. Tun daga nan gidan ya koma gidan shiri. Katin rigakafi, gidan sauro, garin kunu, maganin zazzaɓi, hula mai baki. Har lokacin ƙetarawa zuwa tsibirin Shamsiya ta zaɓa, da safe, sa'ad da ruwa ke kwance kuma yaro ya ƙoshi da barci.

Abu ɗaya ne ya ƙi shiga akwati: Inna Raƙiya, mahaifiyar Muktari.

Malam Yunusu, mijinta, ya tafi ci-rani Abijan kamar yadda mazan yankinsu na Adar suka saba, ya samu aiki a jirgin masunta. Wata rana jirgi ya dawo babu shi. Muktari na ɗan ƙarami lokacin. Ba gawa, ba kabari, sai labari da wani ɗan garinsu ya kawo. Daga ranar Inna ta daina cin kifi, kuma ba a ambaton sunan ruwan nan a gidanta. Da Muktari da Shamsiya suka haifi ɗan fari aka mayar da sunan Yunusu, suna ce masa Baba Ƙarami. Inna kuwa "mijina" take kiransa, cikin wasan kaka da jika.

"In ta ji, ba za ta bar shi ya tahi ba," in ji Muktari a hankali. "Kuma hawan jininta... Kina so ta kwanta saboda mu? Rabin raina, tausayi ne, ba ƙarya ba."

Shamsiya ta tambayi kanta. Ƙaryar da za ta bar tsohuwa ta yi barci, zunubi ce ko jin ƙai? To amma jikan nata ne, tsoron ma nata ne. Wa ya ba su izinin su ɗauke mata shi a ɓoye?

Daga tsakar gida aka ji facal-facal, sai ihu.

"Teku! Teku!"

Baba Ƙarami ne zaune a cikin babban bahon wanki, sanye da rigar iyo mai ruwan lemo, irin mai hana nutsewa, yana dukan ruwa da tafin hannu. Kullum da la'asar haka Shamsiya ke sa shi, don ya saba da rigar. Ita ta koya masa kalmar.

"Ba zan tona ka ba," ta ce. "Amma bakina ba zai faɗi Yamai ba."

"Ya isa. Ki bar mani magana."

*

Washegari suka kama hanyar Barmu, garin Inna, a kan babur, gero ya yi kore dama da hagu. Tun daga ƙofa Inna ta yi watsi da su biyun, ta sure jikanta.

"Oyoyo mijina! Kai, miji ke nan, ba cefane ba sabulu, sai tumbi! Mi ka kawo mani?"

Yaron ya cusa mata ragowar biskit ɗin da ya jiƙe da yawu.

"Kun gani? Ya hi ubanshi kyauta."

Aka yi dariya, aka sha fura. Sannan Muktari ya gyara zama, ya ce za su ɗan je hutu Yamai.

"Yamai?" Inna ta dubi Shamsiya. Shamsiya ta dubi ludayin da ke hannunta. "To, Allah shi kai ku lahiya. Ku gaishe da..."

"Teku!"

Duk suka juya. Baba Ƙarami ya sulale ya isa wurin kwamin da ake ba awaki ruwa, ya jefa ƙafa ɗaya ciki, fuskarsa fal murna.

"Kaka! Teku! Jirgi... buuu! Teku!"

Inna ta ajiye ƙwaryar fura.

"Inna, a talabijin ya..." Muktari ya fara.

"Ba kai nike tambaya ba." Ba ta ko dube shi ba. "Ɗiyata. Ke ba ki taɓa yi mani ƙarya ba. Ina za ku kai mani yaro?"

Shamsiya ta ji idon mijinta a gefen fuskarta kamar garwashi. Ta yi alƙawarin ba za ta tona shi ba. Ba ta yi alƙawarin za ta dubi idon matar da ta zauna mata jego, ta dafa mata ruwan wanka da hannunta, ta ruɗe ta ba.

"Abijan, Inna. Wani tsibiri ne a bakin teku."

Inna ta miƙe. Ta ciro yaron daga ruwa, ta goya shi, ta ɗaure zani tamau.

"Ruwan ga ya ci mani miji guda," ta ce. "Ba shi cin na biyu. Ku tahi in kuna so. Wanga nan za shi zamna."

Ta shige ɗaki ta saki labule.

"Kin ji daɗi?" Muktari ya faɗa ƙasa-ƙasa, idonsa ja. "Kin kuɓutar da gaskiyarki. Ni kin san abin da kika rusa mani?"

"Na sani, masoyina."

"Ba ki sani ba!"

Ya fita zaure. Amma ta sani. Sau nawa ta same shi da hantsi, ya ajiye aiki, ya ƙura wa hoton teku ido a salula, leɓensa na motsi? Tun tuni ta gane ba don ita kaɗai ya zaɓi bakin ruwan nan ba.

Ta ɗauki jakarta, ta yi sallama a bakin labule.

Inna na zaune a bakin gado, yaron na wasa da carbinta.

"In roƙo ya kawo ki, koma."

"Ba roƙo ba ne, Inna. In kin ce ba ya tahiya, mu ma mun fasa. Ba inda za ni in bar shi, ba kuma inda za ni da fushinki."

Inna ta ɗan sassauta fuska.

Shamsiya ta durƙusa. Abin da za ta faɗa yanzu sirrin mijinta ne, wanda shi kansa bai taɓa furta mata ba. Sau biyu ke nan a yini ɗaya za ta buɗe abin da ya rufe. Ta ce a ranta, in laifi ne, ta ɗauka.

"Inna, kin san dalilin da ya sa ɗanki bai zaɓi wani wuri ba? Duk salla abokansa na zuwa maƙabarta su tsaya kan iyayensu. Shi ba ya da inda zai tsaya. So yake ya je ya tsaya a bakin ruwan, ya ɗaga hannu, da mai sunan a kafaɗarsa. Kunyarki ta hana shi faɗi, da tsoron kukanki."

Hawaye ya gangaro wa Inna, ba ta share ba.

"Shi ya hwaɗa maki?"

"A'a. Gani na yi."

"Ni fa?" in ji Inna. "Ni ina nike tsayawa? Takaba na yi a kan maganar baki. Har yau in na rufe ido, rijiya nike gani, baƙa, wadda ba ta da ƙasa. Haka yake, ruwan?"

"Ban sani ba, Inna. Ina koyar da shi, amma ban taɓa ganinsa ba." Shamsiya ta matso kusa. "Ki zo mu gani tare."

"Ni? Kin haukace?"

"Ba kin ce ba kya rabuwa da mijinki ba? To ki biyo shi."

"Ji ɗiyar ga da baki!"

Shamsiya ta buɗe jaka ta ciro rigar iyon. Da ganinta Baba Ƙarami ya yar da carbi, ya miƙa hannuwa sama. Ta sa masa, ta ɗaure igiyoyin, ya fito ƙato kamar kabewa, yana tafiya yana tangaɗi.

"Wannan ko ya faɗa ruwa, ba ya nutsewa. Kuma ba zai wuce inda ruwa ke taɓa idon sawu ba, hannunsa cikin na babba. Na rantse miki."

Inna ta jawo yaron. Ta matsa rigar da yatsa, ta ja igiyar da ƙarfi, ta sake ja. Ta daɗe tana shafa ta.

"Da Malam na da irin wagga..." Ta share fuska da bakin mayafi, ta ɗago.

"Akwai ta manya?"

Wani sauti ya fito daga bayan labule, rabi dariya rabi kuka. Ashe Muktari na tsaye. Ya shigo ya zube a gaban mahaifiyarsa, ya kifa kai a gwiwarta.

"Ki gafarce ni, Inna..."

"Tashi, maƙaryacin banza. Yaron da bai iya tsarki ba ya tona ka." Ta dafa kansa. "Ka gode Allah da matar da ya ba ka."

Ya ɗago jajayen idanunsa ya dubi Shamsiya.

"Sau biyu kika tona ni yau, rabin raina."

"In ka sake, sai na uku."

*

Aka ɗaga tafiya har aka yi wa Inna takardu da allura. A jirgin sama ba ta buɗe ido ba. A kwalekwalen ƙetarawa ta riƙe hannun Aghali har ya ce, "Inna, da shi nake tuƙa tuwo!" Rigar iyonta na ɗaure a kan hijabi, ta ƙi yarda a kwance ko da suka sauka.

Suka ratsa ta cikin itatuwan kwakwa, yashi fari na shiga takalma. Sai ga shi.

Shamsiya ta tsaya cak. Ba allon da zai ɗauki wannan. Shuɗi ne har inda ido ya gaji, yana zuwa yana komawa, yana numfashi kamar mai rai. Ta ji hannun Muktari ya kama nata.

"Na cika alƙawari?" ya raɗa mata.

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"Ƙarami, ga teku!" in ji Muktari. "Ga tekunka!"

Yaron ya leƙa. Igiya ta taso ta fashe da ruri. Ya ƙwalla ƙara, ya ruga ya shige bayan zanin kakarsa.

"Ba teku ba! Ba teku ba! Baho!"

Aghali ya riƙe ciki don dariya. Muktari ya yi lallashi, Shamsiya ta yi, yaro ya ƙanƙame ƙafar Inna ya ƙi saki.

Inna ba ta yi dariya ba. Tun isowarsu idonta na kan ruwan.

"Ashe haske gare shi," ta ce a hankali. "Ashe ba baƙi ba ne."

Ta sunkuya ta cire takalmanta. Ta ɗauki jikanta ta saɓa a kafaɗa.

"Haba mijina, kada ka ba ni kunya cikin mutane. Taho."

Ta taka, taki ɗaya bayan ɗaya, har kumfa ya rufe mata idon sawu. Muktari ya bi ta ya tsaya a damanta, Shamsiya a hagu. Suka ɗaga hannu, suka daɗe suna addu'a. Da suka shafa, yaron ya zuro ƙafa ɗaya, ruwa ya lashe ta, ya ƙyalƙyale da dariya.

Inna ta gyara masa zama a kafaɗarta, ta juyar da fuskarsa wajen ruwan.

"Malam, ga mai sunanka na kawo ka gani," ta ce da ƙarfi, yadda ruri bai danne ta ba. "Gani kawai. Da shi za ni koma gida."