Canjaras A Tebur Na Bakwai

Auta 'yar aji biyar ce a makarantar firamare. Ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa ke kiran ta Auta, har malamanta. Ta iya wasan ces sosai, wato darar nan mai sarki da doki da sojoji. Yayanta ne ya koya mata a kan wani tsohon allo. Doki ɗaya ya ɓace, sai suna sa marfin kwalba a madadinsa.

Aibinta ɗaya ne. Ba ta son a ce ta yi kuskure. Ko kofi ta fasa, sai ta ce kofin ne ya cika santsi.

Wata Asabar aka fara gasar ces ta makarantu ta kwana biyu a wani babban zaure. An jera tebura. A kan kowanne akwai allo da agogo mai maɓalli biyu. Malamin lissafi, wanda yake horar da su, ya kai yara huɗu. Auta na cikinsu.

Ta ci wasanni uku a jere. A zagaye na huɗu aka sa ta a tebur na bakwai. Abokin karawarta wani siririn yaro ne mai tabarau, daga wata makaranta.

Suka yi awa guda suna fafatawa. Auta ta gaji. Ta dubi agogo, ta ga saura mata minti uku. 

Yaron ya tura sojansa gaba. Ya ce a hankali, "Mu yi canjaras?"

Canjaras na nufin babu wanda ya ci, kowa ya tashi da rabin maki.

"Na yarda," in ji Auta.

Yaron ya miƙo hannu, ta kama. Ya tsayar da agogo.

Sai a lokacin ta sake duban allon da kyau. Kash! Da ta tsallaka da dokinta sau ɗaya, da ya kai wa sarki da sarauniya hari a tare. Da ta ci wasan.

"Kunna agogon nan," in ji ta. "Ban gama ba."

Yaron ya zaro ido. "Amma kin ce kin yarda."

"Ban ce ba!"

Alƙaliyar wasa ta taho da sauri. Doguwar mace ce, da takarda a hannunta. Ta saurari yaron, sannan ta juyo wajen Auta.

"In ba ki yarda ba, me ya sa kika ba shi hannu?"

"Shi ya miƙo. Na ɗauka ya sallama mini wasan ne."

Alƙaliyar ta ce, "Na hango ku kuna gaisawa. Na ga an tsayar da agogo, ba ki hana ba. Hukuncina shi ne canjaras. Ku sa hannu a takardar sakamako."

Auta ta miƙe tsaye, ta harɗe hannuwa a ƙirji.

"Ba zan sa hannu ba! Wannan hukunci bai yi mini ba!"

Duk zauren ya juyo yana kallon ta.

"Rage muryarki, wasu na wasa," in ji alƙaliyar. "Kina da damar ɗaukaka ƙara. Malaminku ya rubuto wa kwamiti cikin rabin awa."

Malam ya ja Auta zuwa baranda. Ya durƙusa daidai tsayinta.

"Auta, dube ni. Kin ce kin yarda, ko ba ki ce ba?"

 Auta ta ɗaga kai sama.

"Ban ce ba, Malam."

"To, shi ke nan. Maganarki ta ishe ni."

Ya ɗora takarda a gwiwarsa, ya rubuta ƙarar. Kyaftin ɗinsu, wani ɗan aji shida, ya matso kusa da ita.

"Yawwa, Auta! Ki tsaya a kan bakanki. In aka mayar da wasan kika ci, kofi namu ne."

Kwamitin ya zauna a wani aji da ke bayan zauren. Mutum uku ne. Shugabansu wani dattijo ne mai furfura. An jera allon a gabansu yadda wasan ya tsaya.

Dattijon ya ce, "Ɗayanku ba ya faɗin gaskiya. Duk wanda muka gano ya yi ƙarya, za mu cire shi daga gasar."

Yaro mai tabarau ya fara bayani. Yana yi yana i'ina. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya nuna allon da biro.

"Dubi nan, yaro. Yarinyar nan ta kusa cin ka. Don me za ta yarda da canjaras?"

"Ban sani ba, Yallaɓai. Amma wallahi ta ce ta yarda."

"Akwai wanda ya ji?"

Yaron ya girgiza kai. Ya cire tabaraunsa yana gogewa da bakin riga. Hawaye suka gangaro masa.

Malam ya miƙe. "Yallaɓai, shekara uku ina koyar da yarinyar nan. Ta dube ni ido cikin ido ta ce ba ta faɗa ba. Ni na tsaya mata."

 Auta ta dubi Malam. Ta dubi yaron. A bakin taga ta hango kyaftin, ya ɗora yatsa a kan leɓensa.

Ta miƙe. 

"Baba, ina da magana."

"Muna jin ki," in ji dattijon.

"Gaskiya ya faɗa. Na ce na yarda. Sai daga baya na ga inda zan sa doki. Ni ce na yi ƙarya."

 Malam ya koma ya zauna a hankali.

'Yan kwamitin suka haɗa kai suka yi shawara. Sannan dattijon ya ce, "Hukuncin alƙaliya ya tsaya, wasan canjaras ne. Ke kuma ba za ki buga zagaye na biyar ba, kin rasa makinsa. Ba mu cire ki ba, don da bakinki kika faɗi gaskiya. Amma za ki ba da haƙuri."

Auta ta je gaban yaron. "Ka yi haƙuri. Na kusa sa a kore ka."

Ya mayar da tabaraunsa. "Ba komai. Amma ni ma na ga dokin nan fa. Addu'a nake ta yi kada ki gan shi."

Har dattijon sai da ya yi dariya.

Ta nemo alƙaliyar wasa ta ba ta haƙuri. Ta sa hannu a takardar sakamako.

A baranda kyaftin ya tare ta, ransa a ɓace.

"Kin zubar mana da kofi! Da kin yi shiru na minti biyu kawai!"

"Ba zan yi shiru ba," in ji Auta.

"To, babu wanda zai ƙara yi miki magana."

"Kada a yi. Ko sau goma aka sake tambaya ta, abin da zan faɗa ke nan. In kofin ƙarya kake so, je ka ɗauko da kanka."

Malam ya iso. Kyaftin ya ja gefe.

Auta ta sunkuyar da kai. "Malam, na ba ka kunya."

"Kin ba ni," in ji Malam. "Na sa sunana a takarda saboda maganarki. Abin ya yi mini ciwo. Amma yau na ga ɗalibata ta gyara kuskurenta a gaban mutane. Manya da yawa ba sa iyawa."

A zagaye na biyar ta zauna a benci tana kallon wasu suna wasa. Awa ɗayar nan ta yi mata tsawo ƙwarai.

Da ta koma gida, ta tarar da Mama tana ninke kayan wanki. Ta gaya mata komai, ba ta rage ko ɗaya ba.

Yayanta ya leƙo daga ɗaki. "Mama, ko dai an musanya mana Auta a hanya? Wai ita ce ke cewa ta yi kuskure?"

"Kai, rabu da ita," in ji Mama. Ta jawo Auta jikinta. "Taurin kai ba laifi ba ne, 'yata, in a kan gaskiya kika yi shi. Gobe ki koma ki yi wasanki."

Washegari Auta ta buga wasanni biyun da suka rage. Ta natsu, ta ci duka. Makarantarsu ta zo ta uku. Aka rataya wa kowannensu lambar yabo. Kyaftin ya daɗe yana juya tasa a hannu, sannan ya ce, "Auta, jiya ban kyauta ba." Suka koma gida a mota ɗaya, suna ta waƙa.

Tun daga ranar, Auta ba ta cewa "na yarda" sai ta yi tunani. In kuma ta faɗa, ba ta janyewa. Ta gane cewa cika magana da faɗin gaskiya sun fi cin kowane wasa.