Amawalin Baba Hamidu

"Ramla! Me kika yi haka?"

Ko sallama bai yi ba. Ina goge allo bayan yara sun tashi, sai ga Aghali ya faɗo ajin, ya dire littafi a kan teburina har alli ya yi tsalle.

Littafinmu ne. Ni na zana hotunan na rubuta Hausar, shi ya rubuta kalmomin Tamajak, harshen iyayensa, abokan aikinmu suka sa Fulatanci da Barbarci. Wata takwas muna fama da shi, don yaran yankinmu na Damargu su buɗe littafi su ga gida irin nasu, da rumbun gero, da tantin fata, da ƙwaryar nono. A kan wannan aikin muka saba. A kansa kuma na wayi gari na tarar zuciyata ta bi shi, dogon mushen lakwal, wato malamin makaranta, na garin Tenhya, mai tsadar magana.

"Lafiya? Ka tsorata ni!"

"Buɗe shafin ƙarshe."

Murmushi na yi. Shafin da na ɓoye masa ke nan har aka kai Damagaram aka buga, wai don in ba shi mamaki. Hoton wani dattijo ne zaune a ƙofar tanti, yara kewaye da shi, yana murmushi. A ƙasa na rubuta: Kaka Hamidu.

"Bai yi kyau ba? Dubi, har tabon girarsa na..."

"Ina amawalinsa?"

"Me?"

"Amawali, Ramla! Gefen rawanin da ke rufe hanci da baki! Kin buɗe fuskar mahaifina, kin sa sunansa a ƙasa, kin raba wa yaran gari!"

Ni da taurin kai sai na ce, "To ai hoto ne kawai..."

"Hoto?" Ya yi wata dariya marar daɗi. "Wata yarinya ta kai shi bakin rijiya ran shayar da raƙuma. Hannu zuwa hannu, har ya kai ga yayyen mahaifiyata. Surukansa, Ramla! Shekara arba'in ko shayi zai sha a gabansu, ta ƙarƙashin amawali yake zura kofin. Yau ga bakinsa a buɗe, kowa na kallo."

Na nemi kujera na zauna.

"Juma'a fa?" na tambaya a hankali.

Juma'ar nan mai zuwa ce Baba Hamidu da 'yan uwansa za su zo gidanmu a Tanut neman aurena.

Aghali ya kau da kai. "Ya ce ƙafarsa ba za ta taka gidan da aka tuɓe shi ba."

"Kai fa?"

"Kin san ina sonki kamar raina..."

"Ba shi na tambaye ka ba!"

"Ba zan shigo gidanku ba tare da uba ba, Ramlata. Ke ma ba za ki so ni haka ba."

Ya juya ya fita. Na bi shi har bakin ƙofa ina kiran sunansa, bai waiwayo ba.

A gida kasa zama na yi. In na shiga ɗaki sai in fito, in na fito sai in koma. Ga Baba Lawali, mahaifina, ya riga ya aika wa dangi a Falanko, ga rago ɗaure a gindin dogonyaro yana ta kuka kamar da ni yake. Na ɗauko waya na kira Aghali, ba ta shiga. Na sake, ba ta shiga. Haushi ya kama ni, na wurga ta kan gado.

Innata Tabawa tana tankaɗe, tana kallona ta wutsiyar ido.

"Ke, wai kaza ce ke mai neman wurin ƙwai? Zauna ki faɗa mini."

Na zauna na zayyana mata komai, ina kuka ina masifa. "Inna, don Allah fuska ce fa! Fuskar da Allah ya halitta! Mene ne abin kunya a ciki? Ni girmama shi na yi!"

Ta ajiye rariya. "Tun da kika yi wayo, kin taɓa jin na kira sunan yayanki?"

Yaya Usman ɗan farinta ne. Shekararsa talatin da biyu, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce "wancan" ko "yaron nan".

"To a ce wani ya zana ni ina rungume da shi ina ƙwala masa kira, ya raba wa 'yan unguwa. Ya girmama ni ke nan?"

"A'a, Inna..."

"Suna ne kawai, ko ba haka ba? Kowa da inda ya ajiye kunyarsa, ɗiyata. Ni a harshe, shi a rawani. Kin ce kina littafin da zai nuna wa yara gidan kowa, amma kin shiga gidan mutane ba ki tambayi inda ake ajiye takalmi ba. Baƙo ko da idonsa makaho ne."

Wallahi maganar nan ta fi mari zafi. Na kwantar da kaina a cinyarta na yi kuka sosai.

"Guda nawa aka kai Tenhya?" ta tambaya.

"Talatin. Sauran suna cikin kwali a ɗakina."

"Share hawayenki, ki ɗauko kayan zanenki. Gobe da safe akwai motar kasuwa. Babanki ki bar ni da shi."

Hanyar Tenhya ba hanya ba ce, rairayi ne da addu'a. Sau biyu motar ta kafe, maza suka sauka suna turawa, ni kuwa ji nake kamar in sauka in ruga da ƙafa. Inna tana riƙe da ƙullin goro da sukari, ni ina rungume da kwalbar shuɗin fenti.

Raishatu, ƙanwar Aghali, ita ta tarbe mu. Ba ta sake mini fuska ba, amma ta shimfiɗa wa Inna tabarma ta kawo ruwa. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, ta dube ni sama da ƙasa.

"Duka talatin ɗin?"

"Ko ɗari ne."

Direktan lakwal ya tara mana waɗanda ke aji. Sauran kuwa sun bi yara gida, sai da muka bi tanti-tanti muna sallama. Wani littafin mun same shi cikin jakar fata, wani a ƙarƙashin sirdin raƙumi, wani akuya ta ɗan ci gefensa. Wata tsohuwa ta ƙi ba mu nata, wai jikarta na karanta mata sunan rijiya da harshe huɗu, sai da na rantse zan dawo mata da shi.

Na zauna a gindin aduwa na fara. Kowane littafi in buɗe shafin ƙarshe, in ja amawali daga kunne zuwa kunne, in rufe murmushin da na kwana uku ina zanawa. Na farko sai da hawayena ya ɗiga a kai. Raishatu ta tsuguna tana gyara mini.

"Ɗaga shi sama. Baba ba ya barin karan hancinsa a waje."

Kafin la'asar yatsuna sun rine shuɗi shar. Raishatu ta kama hannuna ta duba, a karo na farko ta yi dariya.

"Ga shi nan, kin fara zama tamu. Haka shuɗin tufafin turkuɗi ke yi mana."

Na ƙirga littattafan. Ashirin da tara. Na sake ƙirgawa. Ashirin da tara!

"Innalillahi... saura ɗaya! Raishatu, saura ɗaya!"

Na miƙe zan koma yawon tantuna, sai na ji murya a bayana.

"Yana wurin Baba."

Aghali ne. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya dubi littattafan da ke shanye a kan tabarma, ya dubi hannuna, idonsa ya cika.

"Ramlata..."

"Kar ka ce komai. Kai ni wurinsa."

"Zai iya ƙin kallonki."

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle uba. Kai ni."

Baba Hamidu yana zaune a inuwar tantinsa, butar shayi a kan gawayi. Yana hango mu ya ja amawalinsa sama har sai da ya rage ido kaɗai. Inna ta gaishe shi daga nesa, ta miƙa goro da sukari ta hannun Raishatu. Ni kuwa na cire takalmi na durƙusa, na jera littattafan nan ashirin da tara a gabansa, kowanne a buɗe.

"Baba, na yi laifi. Rashin sani ne, amma laifi ne. Idon da ya riga ya gani ba ni da yadda zan yi da shi. Wanda bai gani ba, ba zai gani ba. Ka yafe mini."

Ya zuba shayi daga sama, ya mayar cikin buta, ya sake zubawa. Sai can ya sa hannu cikin rigarsa ya zaro na talatin ɗin.

"A ina kika ga fuskata?" Hausarsa a hankali take fita.

"A gidan likita na Tanut, Baba, bara da ka kwanta. Na kawo maka kunu, kana barci, rawaninka ya zame. Sai Aghali ya yi sallama daga waje. Ba ka farka ba, amma da ka ji muryarsa... ka yi wannan murmushin. Ban taɓa ganin uba ya yi wa muryar ɗansa irinsa ba. Na so Aghali ya gani, shi ya sa na zana."

Na ji Aghali ya ja numfashi a bayana.

Tsohon ya daɗe yana kallon shafin. Ya shafa shi da babban yatsa.

"Ran da aka kawo mini shi, na yi niyyar sa shi a wuta," ya ce. "Na ɗaga, na kasa. Mahaifina na gani. Ban san haka nake kama da shi ba." Ya ɗan tsaya. "Ban taɓa ganin bakin mahaifina sosai ba sai ran da muka yi masa wanka. Ran nan kuwa babu murmushi."

Inna ta sa gefen mayafi ta share ido. Ni ban ma san ina kuka ba.

Ya miƙo mini littafin. Na karɓa, na buɗe kwalbar fenti, na tsoma burushi.

"A'a."

Na ɗago.

"Waɗancan na 'yan lakwal ne, ki mayar musu. Wannan ki bar shi yadda yake. Ki sa shi can ƙasan akwatinki, kada surukaina su sake ganinsa, kada kowa ya gani." Ya ɗan gyara amawalinsa. "Na jikokina ne. In sun zo ba su tarar da ni ba, ki nuna musu."

Jikokinsa... a akwatina?

Inna ce ta zungure ni da gwiwar hannu. "Ke, wawuya! Ba za ki yi godiya ba?"

Sai a lokacin maganar ta shige ni. Na kifa goshina a kan tabarma ina kuka ina godiya, Raishatu ta rangaɗa guɗa har raƙumin da ke ɗaure ya zabura. Baba Hamidu ya zuba shayi ya miƙa wa Inna kofin farko. Amma na ga gefen idanunsa sun tattare, na kuwa san abin da ke ƙarƙashin amawalin.

Ran Juma'a suka zo su bakwai, rawuna har ido, ragon nan mai kuka ya yi shiru.

Ran da aka sa mini lalle, shuɗin bai gama fita daga ƙumbana ba. Mai ƙunshi ta ce bari ta kankare, na janye hannuna.

Littafin yana nan ƙasan akwatina, naɗe cikin zanen Inna. Sau ɗaya na nuna wa Aghali. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ja nasa amawalin sama don kar in ga yana kuka.