Abin da Ke Cikin Takalmin Dawuda

"Ki faɗa masa kar ya sake tako mini ƙofar gida!"

Baba ne tsaye a tsakar gida, ko rigar da ya dawo da ita daga mahauta bai cire ba.

Na ajiye tiren shinkafar da nake tsincewa.

"Baba, me Dawuda ya yi?"

"Tambayata ma kike yi, Kaltumi? Da hannuna na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na ce bismilla. Yaron nan ya toge a bakin ƙofa, ya durƙusa a kan takalminsa, daga can ya gaishe ni. Zuwan farko na ce kunya ce. Na biyu na ce sauri yake yi. Yau kuma fa?"

"Wataƙila..."

"Wataƙila tabarmar mahauci ba ta kai ya cire mata takalmi ba!"

Ya shige ɗaki ya bar ni da Goggo Iyatu, ƙanwarsa, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Ke kin taɓa ganin ƙafarsa?"



Wallahi ban taɓa gani ba!

Dawuda makanike ne a kamfanin gurzar auduga da ke Pitowa, kusa da garinmu Garwa. A kantin maganin Madam Germaine, inda nake aiki tun da na gama lise, wato sakandare, na san shi. Ya zo sayen bandeji, ya dawo sayen maganin tarin da ba ya yi, ya sake dawowa ya ce gaskiya lafiyarsa ƙalau, ni ya zo gani. Yana da sanyin magana da saurin ba mutum dariya. Kuma shi ne namiji na farko da bai taɓa yi mini zancen tsawona ba. Ni doguwa ce, irin dangin mahaifiyata Fulani. A makaranta Poto suke kirana, wai falwayar lantarki. Dawuda kuwa idan muka tsaya, idonsa daidai nawa.

Amma tun da Goggo ta yi tambayar nan, sai na soma lura.

Zafin Garwa da ke sa kowa yawo da silifas, Dawuda kullum cikin baƙin rufaffen takalmi yake, wandonsa na sauka har ya rufe dunduniyar. Idan yana tafiya kamar mai saukowa daga tudu yake yi. Idan aka kira salla muna hira, ba ya shiga masallacin unguwarmu, sai ya hau babur ya ce akwai wanda zai gani a can gaba.

Me yake ɓoyewa?

Da ya zo na tare shi a bakin kanti.

"Dawuda, Baba ya yi fushi. Me ya hana ka shiga zaure?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tumina, ki ba ni lokaci."

"Ciwo ne?"

"A'a."

"To raini ne?"

"Subhanallahi! Ni in raina Baba?"

"To mene ne?"

"Ki ba ni lokaci kawai, sanyin idona..."

Lokacin da ya nema, wani ne ya ci moriyarsa. Yaya Sulaimanu, ɗan wan Baba, dillalin shanu, ya daɗe yana nuna yana sona, ni kuwa na daɗe da gaya masa ɗan'uwa na ɗauke shi. Shi ya zo ya zauna da Baba, ina jin su daga madafa.

"Baba, na bincika. Wani malami a Mayo-Oulo ya ɗinke masa laya cikin takalmin, da sunan Kaltumi a jiki. Sharaɗin shi ne kar ya cire shi a gidanku. Ba ka ga yadda take rawar jiki a kansa ba?"

 Tsoro ya kama ni, kar Baba ya yarda.

Goggo kuwa nata tunanin daban.

"Ni kuturta nake tsoro," in ji ta. "Amma na san dabara. Ba ya ce zai kai ki gaida mahaifiyarsa ba? Tare za mu je. A ɗakin uwarsa dai dole ya cire."

Ran Lahadi, ranar kasuwar Pitowa, muka same shi a tasha. Ƙauyensu na bayan gari, aka cusa mu cikin wata tsohuwar mota da buhunan gyaɗa. An kwana ana ruwa. Da muka isa mayo, wato rafin da ke kan hanyar, direba ya kashe mota.

"Kowa ya sauka! Sai dai ku tsallaka da ƙafa, ni ba zan jefa motata ba."

Kowa ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu. Goggo ta tattare zani ta yi gaba da wasu mata. Na cire nawa, na juya.

Dawuda na tsaye yana kallon ruwan kamar an ce wuta ce.

"Ba za ka cire ba?"

"Mu je kawai."

Haka ya shiga da takalminsa. Mun kusa kaiwa gaɓa ƙafarsa ta hagu ta lume cikin laka. Ya ja, ya sake ja da ƙarfi...

Ƙafar ta fito, takalmin bai biyo ta ba.

Ya tako kan yashi, sai na ga kafaɗarsa ta hagu ta yi ƙasa, ta dama na sama, kamar tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya.

Na dubi ƙafar. Yatsu biyar, lafiyayyu ƙalau.

Ban san lokacin da na koma cikin ruwan ba. Na zura hannu cikin laka na zaro takalmin. Nauyi gare shi! Na ɗauraye shi, na sa yatsa ciki, sai na ji dunduniyar a cike take da wani abu mai tauri, tudu guda, ya kai faɗin yatsa huɗu.

"Dawuda... wannan fa?"

Ya ƙi kallona.

"Robar taya ce da fata. Wani baduku ya yi mini a Yola."

Ya tuɓe ɗayan ya tsaya a gabana haka nan. Kansa bai wuce kunnena ba.

"To ga ni," ya ce. "Iyakata ke nan. Ki yi dariyar mu wuce wurin."

Ban yi dariya ba. Mamaki ne ya cika ni, da tambayoyi fal bakina.

"Ba ya yi maka ciwo?"

"Kullum. Idan na koma gida sai na jiƙa ƙafata a ruwan zafi."

"Masallacin fa?"

"Can nesa nake zuwa, inda ba wanda ya san ki."

"Amma don me? Ni na taɓa ce maka..."

"Kin taɓa."

Na zaro ido.

"Ranar bandeji ba ita ce ranar farko da na shigo kantinku ba, Kaltumi. Na taɓa zuwa sayen maganin zazzaɓi, da silifas. Ina ganin ki na rasa abin faɗa. Kika miƙo mini maganin kika ce, 'Ga shi ƙanina, ka gaida mutan gida.'"

Innalillahi! Ko kaɗan ban tuna ba.

"Na girme ki da shekaru, amma ƙanina kika ce. Kafin nan na je neman shiga jandarma, aka tsayar da ni jikin bango aka ce in koma gida in ƙara cin tuwo. Wannan na haɗiye. Taki ce ta ƙi haɗiyuwa. Na ce sau ɗaya kawai zan sa, ki dube ni a matsayin namiji. Kika dube ni. Daga nan na rasa ranar cirewa."

Hawaye suka cika mini ido.

"Kai ka san cewa tun ina 'yar shekara goma sha huɗu nake tafiya a ranƙwafe? Ka san ban taɓa sa takalmi mai tsini ba, ko a bikin ƙawata? Ina ta murna na samu wanda bai damu da tsawo ba, ashe ka fi ni damuwa!"

"Yanzu da kika gani fa?"

"Na gani. Ina son ka, Dawuda. Amma ba zan auri mutumin da ba zai iya zama a tabarmar ubana ba. Ana can ana cewa asiri ka yi mini."

"Asiri?!"

"A cikin takalmin nan. Ni ba zan faɗa wa kowa abin da na gani ba. Kai za ka faɗa."

Ya karɓi takalmin daga hannuna.

"A gaban Sulaimanu? Garin nan kaf sai ya ji."

"Zai ji."

Mun gaida mahaifiyarsa, wata 'yar tsohuwa mai fara'a da ta cika mu da fura da nono. A hanyar dawowa Goggo ta raɗa mini, "Ni ƙafa na zo gani, na kuma gan ta. Sauran ba da bakina ba."

Daga ranar Dawuda ya ɗauke ƙafa.

Ko saƙo babu. Duk babur ɗin da ya tsaya a bakin kanti sai na ɗaga kai. Madam Germaine ta gaji ta ce, "Ma fille, 'yata, kin ba wa mutumin nan maganin tsutsa, na ciwon kai ya ce." Yaya Sulaimanu kuwa sai faɗi yake, ai an gano shi ne ya gudu. Na soma tunanin ko na tsananta. Wataƙila abin da na ga ƙarami ne, a wurinsa ya fi ƙarfinsa.

Ran wata Juma'a bayan an sauko, Baba na zaure da abokansa mahauta da Yaya Sulaimanu, na ji sallama.

Muryarsa ce!

Na ruga na laɓe bayan labulen ƙofar da ke shiga cikin gida, Goggo na bayana.

"Ban ce kar ka sake zuwa ba?" in ji Baba.

"Ka ce, Baba. Abu ɗaya na zo yi, in na gama ka kore ni."

Ya sunkuya ya kwance igiyar takalmin. Ya cire na dama, ya cire na hagu, ya tako kan tabarma.  Mutumin da suka sani ya ragu a gaban idonsu.

Ya durƙusa ya ajiye takalman a gaban Baba.

"An ce akwai laya a ciki. Ga su, a duba."

"Kar ka taɓa da hannu, Baba!" in ji Yaya Sulaimanu.

Baba ko kallonsa bai yi ba. Ya zaro wuƙarsa daga kube, ya ɗauki takalmi ɗaya ya farke dunduniyar kamar yana fiɗa. Fata ta fito. Robar taya ta fito, an yanka ta an jera. Ya farke na biyun, ya juya shi, ya kakkaɓe.

Babu komai.

"Wannan na mene ne?"

"Na ƙarin tsawo ne, Baba. Ni gajere ne, 'yarka doguwa. Na ji tsoron kar ta raina ni, kar ku ma ku raina ni. Ba tabarmarka na ƙi ba. Kunyar a gan ni haka ce ta hana ni hawa."

Yaya Sulaimanu ya fashe da dariya.

"Wannan ɗan tsurut ɗin za a ba Kaltumi? Ai sai ta riƙa goya shi!"

Wasu suka soma tayawa. Na ga kunnuwan Dawuda suna motsi, amma bai ɗaga kai ba, bai kuma tashi ba.

"Sulaimanu," Baba ya ce a hankali. "Wane malami ka ce a Mayo-Oulo?"

Dariyar ta tsaya.

"Ai... haka aka faɗa mini, Baba."

"Ka ce ka bincika. Ka zauna a nan ka ɗora wa ɗan mutane sihiri, ka sa na yi ta zargin 'yata. Tashi ka ba ni wuri, zan zo in sami ubanka."

Yaya Sulaimanu ya fita yana gyara hula.

Baba ya daɗe yana jujjuya robar a hannunsa.

"Kana tafiya a kan wannan, cikin zafin nan, har ka yi aikin inji?"

"E, Baba."

"Kai, yaro, ka sha wuya a banza." Ya girgiza kai, sai na ga yana danne murmushi. "Kaltumi! Na san kina nan bayan labule. Kin gan shi yadda Allah ya yi shi. Kina so?"

Kunya ta kama ni, na ƙanƙame hannun Goggo.

"Ina so, Baba."

"Ban ji ba."

"Ina so!"

Mahautan suka kwashe da dariya, wannan karon mai daɗi.

"To ka turo manyanka," in ji Baba. "Takalmi kuma na ɓata maka, ba zan biya ba."

Da ya fito na zagaya ta ƙofar baya na same shi a waje, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya a kan yashin azahar. Na ajiye masa silifas ɗin Baba. Suka yi masa yawa.

"Na ɗauka ka gudu," na ce.

"Na gudu. Har Yola na je, wai in sa a yi mini wanda ba a ganewa. Ina zaune gaban badukun na ji na gaji, Tumina. Na gaji ƙwarai."

Bayan an gama ɗibar auduga aka ɗaura mana aure. Garwa ta yi surutunta, yaran unguwa har waƙa suka yi mana, daga baya kowa ya koma harkarsa. Ranar walima mai hoto ya kalle mu, ya jawo wani ɗan akwati ya tura gaban ango.

"Patron, ɗan hau nan."

Dawuda ya dubi akwatin, ya dube ni. Sai ya ɗauke shi ya kai wa mahaifiyarsa da ke tsaye tun ɗazu, ya zaunar da ita. Ya dawo ya tsaya kusa da ni, ya riƙe hannuna.

"Ɗauka haka," ya ce.