Kishin Rijiyar Kafin Tunau

Ku matso kusa. Sagir, kashe wayar nan, ko in yi shiru.

Nan da muke zaune, da can ƙauye ne, Kafin Tunau. Birni ya yi ta matsowa har ya haɗiye mu, aka canja mana suna, wai Sabuwar Unguwa. Baƙi suka gina benaye a gonakinmu, mu 'yan gari muka koma leƙensu ta katanga. Ni dai har yau abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye muku ba.

Rijiya ɗaya ce a ƙauyen, kuma da mai ita a ciki. Iya ake ce mata. Ba ta taɓa kowa, sai dai kishi. Dokarta ɗaya: ba a wucewa ta bakinta da ruwan wani wuri. Ko baƙo ne ya zo, sai ya zubar da na butarsa a bayan gari. Da aka yanka filaye, aka rufe ta da siminti, lungu ya bi ta kanta.

Kun san Kawu Tanimu mai gadin bakin lungun. A lokacin ɗan garuwa ne, yana tura kura da jarka goma daga rijiyar burtsatse. Kakansa Barau ne mai yashe tsohuwar rijiyar, don haka ya san dokar sarai. Kullum zagayawa yake ta titi. Ran nan kafin asuba, masu gidan burodi na jiran ruwa, ya ce bari ya yanke.

A tsakiyar lungu kura ta tsaya. Ya tura, ta ƙi.

Sai ga tsohuwa zaune a kan simintin, da ƙwarya a cinya. Bazara ce, ƙasa a bushe, amma zanenta yana ɗiga. Ƙafafunta fari fat, sun yamushe kamar na wanda ya kwana a ruwa.

Ya ce, "Sannu, Iya."

"Jikan Barau." Bakinta na gabansa, amma muryar daga ƙarƙashin ƙasa take fitowa. "Ruwan wa ka ɗauko?"

"Na burtsatse ne."

"Wace ce ita?"

"Ba kowa ba ce, Iya. Inji ne."

"Ni na wanke ka ranar da aka haife ka. Ni na wanke kakanka ranar da ya rasu. Ita me ta yi maka?"

Ta miƙo ƙwaryar.

"Sha. Ka faɗa mini wanne ya fi."

Ya san in ya ƙi, ba zai fita lungun ba. Ya sha. Sanyi, da ƙamshin ƙasa, irin wanda ya manta. Ya faɗi gaskiya, ya ce, "Naki."

Ta ce, "To, ya ishe ka."

Kura ta motsa. Da ya waiga, ba kowa.

Tun ranar ba wani ruwa da ke wuce maƙogwaronsa sai nata. Kowace asuba sai ya tarar da ƙwarya ɗaya cike a kan simintin, ita ce rabonsa. Shi ya sa ya bar garuwa, ya koma gadi a wurin.

Yana da 'ya ɗaya tak, Asabe, tana aure a wani gari mai nisa. Ciwo ya kwantar da ita, ta aiko tana son ganin babanta. Ya juye ruwan ƙwaryar a gora, ya hau mota. Suna wuce tsohuwar iyakar ƙauye gorar ta bushe, numfashinsa ya sarƙe. A kwance aka dawo da shi. Sau uku yana gwadawa. Asabe ta rasu bai gan ta ba.

Ya je kan simintin yana kuka, ya ce, "Iya, 'yata ce fa."

Muryar ta taso daga ƙasa, a hankali, har da jin daɗi a cikinta. "Na sani. Ita ma ruwan wata ta koma sha."

Saboda haka ku ji ni da kyau. Kada wanda ya bi lungun nan shi kaɗai. In kuma dole ta sa, ko ledar ruwa ce a hannunka, yar da ita tun daga titi.