Fitilar Tayar Hagu

Ku matso, ku rage murya. Wannan a kan Nafi'u ya faru, matuƙin ƙaramin jirgin sama mai kai magani ƙauyuka, mutumin da in ka ce masa aljani sai ya ce ka nuna masa a takarda.

Ran nan ya sauke kaya a wani filin jirgi na daji. Yana sauri kada magariba ta riske shi, sai ya watsar da ragowar shayinsa, yana tururi, a gindin tayar hagu. Tsohon mai gadin filin ya dafe kai.

"Yallaɓai, ruwan zafi a ƙasa, ko bisimilla babu?"

Nafi'u ya yi dariya, ya ja ƙofa.

Da ya tunkaro gida ya saki tayoyi. Akwai korayen fitilu uku a gabansa, kowace taya da tata. In fitila ta kama, tayar ta sauka ta kulle ke nan. Biyu suka kama. Ta hagu shiru.

Ya ƙwanƙwasa ta. Ya sauya ƙwan. Ya janye tayoyin ya sake saki. Ya buga famfon hannu na sauke taya har kafaɗarsa ta sage. Shiru. Mai saura na minti ashirin, sama kuwa ba ta da gefen titi da mutum zai raɓe.

Ya kira mai tsaron hasumiyar filin jirgi ta rediyo. "Malam Tukur, zan wuto ƙasa-ƙasa. Duba min ta hagu."

Ya wuce. Sai ga muryar Malam Tukur a rediyo.

"Kyaftin, rabi ta fito. Akwai abin da ya rungume ta."

"Tsumma ne?"

"Tsumma ba ya waiwayen mutum."

Sai ƙamshin shayi ya cika jirgin. Kujerar baya, wadda ya bari ba kowa, ta motsa. Bai juya ba. Ta wutsiyar ido ya ga ƙafafun mace, sun sha lalle, dugadugai a gaba, yatsu na kallon baya.

"Ɗana na barci a inuwar tayarka," in ji ta, murya kamar daga cikin rijiya. "Ka ƙona masa ƙafa. Ba ya iya taka ƙasa. Kai ma ba za ka taka ba."

Tsoro ya kama Nafi'u, har hawaye.

"Baiwar Allah, ban gan shi ba. Ki yafe min."

"Yafiya ba ta warkar da ƙuna. Wa zai ɗauke masa ita?"

Allurar mai ta kwanta. Injin ya fara tari.

"Ni," ya ce.

Nan take fitila ta kama. Nan take kuma ƙafarsa ta hagu ta ɗau zafi kamar an tsoma ta a tukunya. Da ya sauka, da ita ya taka birki, yana ihu, har jirgin ya tsaya.

Da aka cire masa takalmi, safa a bushe, takalmi lafiya lau, ƙafar kuwa ta saɓule har idon sawu. Har yau ɗingishi yake, kuma ba ya tashi shi kaɗai in rana ta karkata.

Saboda haka kada wanda ya ƙara watsa ruwan zafi ba bisimilla. Ke Jummai, ɗazu na gan ki a bayan madafi da tukunya. Me ya sami ƙafarki kike ta sosa ta?