Ƙarƙashin Matakala

"Kar ka taɓa ni! Ni ba buhun hatsi ba ce!"

Masinjan asibitin ya ja da baya. Auta ta ƙanƙame hannun kekenta na guragu, numfashinta na sarƙewa. Ɗakin likita a saman bene yake. Masu ƙafa su haye, ita kuwa sai dai a kinkime ta a gaban maza, ko ta koma gida da asmarta.

Sai ga matashin likitan ya sauko ɗauke da kujerarsa.

"Tunda gimbiya ba ta hawa, bari bawa ya sauko."

Ta harare shi... amma murmushi ya ci amanarta.

Tun daga ranar ƙarƙashin matakala ya zama ɗakinsu, tsakanin tsintsiya da bokiti. Ya duba ƙirjinta, ya tsaya hira. Ita da ta saba a yi magana a kanta, yau ga mai magana da ita.

Ran nan yayarsa, shugabar asibitin, ta tare ta.

"Baiwar Allah, tausayi ne fa. Tun yana yaro ko mage ya tsinta sai ya kawo gida. Mamanmu ta ce ba ta son surukar da za a riƙa turawa."

Auta ta juya kekenta ta fice.

Ta kashe waya, ta daina zuwa. Ta wuni bakin taga tana kallon ƙafafun mutane suna wucewa. Ba mai sallama. Maganin shaƙa ya ƙare, ta ɓoye wa kowa, har ranar da numfashi ya ƙi fita, mahaifiyarta ta tura ta asibiti tana kuka.

Ba kujera a ƙarƙashin matakalar.

Ta shiga waige-waige...

"Nan ne, gimbiya," likitan ya kira ta daga wata ƙofa.

Ɗakin ajiya ne na ƙasa, an share shi, an faɗaɗa ƙofar. Ga tsoho mai sanda a layi, ga mai tsohon ciki. Wata likita ta sa mata abin shaƙa har ƙirjinta ya buɗe.

"Daga yau ita ce likitarki," in ji shi.

"Ka gaji da magen taka kenan?"

"Likita ba ya neman auren wadda yake dubawa, masoyiyata. Shi ya sa na sallame ki."

Hawaye suka ɓalle mata.

"Mamanka fa?"

Ya nuna benci. Wata dattijuwa ce zaune tana murza gwiwa.

"Tun bara ciwon gwiwa ya hana ta hawa benen nan. Ta ɓoye mana, wai kar a kinkime ta."

Dattijuwar ta daɗe tana kallon Auta, kafin ta janye jakarta gefe.

"Matso kusa, 'yata. Ke ce kika yi tsawar da ni na kasa yi?"